Surukina da Shurfar da Ya Rushe da Hannunsa

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, kuma surukina ya riga mu tafiya. Ya cika ranar wata Talata da hantsi a gidansa na Ainu Shams a Alƙahira, bayan jinyar kwana tara, aka yi masa sutura bayan la'asar. Ni ne mijin 'yarsa, kuma da yake Allah bai ba shi ɗa namiji ba, ni aka zaunar a kujerar karɓar gaisuwa, cikin rumfar zanen nan mai ja da shuɗi da Misirawa ke kafawa a tsakiyar titi in an yi rasuwa.

Wa bai zo ba? 'Yan kasuwar Nijar na Abbasiya sun rufe shaguna sun zo. Ɗalibai daga Darrasa suka raba izifi suna sauke Alƙur'ani. Kawu, ƙanen surukata, mutumin da ban taɓa ganin ƙwallarsa ba, ya zauna yana ta goge tabarau alhali babu abin da ya same shi. Leburori Sa'idawa, mutanen kudancin Masar masu manyan rawuna, suka jeru a gefe guda. Babbansu, wanda ya fi shekara goma yana aikin gini da Baba, wato surukin nawa, shi ne ya kasa daurewa. Ya rufe fuska da gefen rawani yana kiransa da sunan da suke ba babban magini, yana cewa, "Mu'allim ya tafi, Mu'allim ya tafi," har sai da aka fita da shi aka ba shi ruwa.

Rana ta biyu wata tsohuwar bas ta tsaya a bakin layi. Mata suka yi ta saukowa, sun fi ashirin, duk cikin baƙaƙen kaya, kowace da ɗan zanen gicciye shuɗi a wuyan hannu. Wani sabon ɗalibi, ko wata uku bai yi da zuwa daga Sakkwato ba, ya sunkuyo kunnena.

"Malam, ina jin ɓatan hanya suka yi. In je in nuna musu?"

Na ce, "Zauna. Kai ne baƙo a nan, ba su ba."

Suka hau bene wajen Inna, surukata, kamar masu shiga gidan uwarsu. Ba a jima ba muka jiyo kuka daga sama, na Hausa da na Larabci a haɗe. A bayansu sai ga limamin cocinsu, wanda suke ce wa Abuna, tsoho tukuf da farin gemu da sanda. Ya kama hannuna ya ƙi saki. Ya ce, "Ɗana, na yi hulɗa da magina tun ina saurayi. Mutum ɗaya ne ya taɓa zuwa da ƙafarsa ya ce min, Abuna, aikina bai yi ba."

Ɗaliban suka bi ni da ido, ni kuma ban da bakin bayani a ranar. Shi ya sa na zauna nake rubuta wannan. 'Ya'yana a Alƙahira aka haife su, Damagaram sai a baki suke jin ta, kuma ba na so su tashi suna zaton kakansu wani tsoho ne kawai mai farar hula da gurguwar Larabci. Ina kuma da nawa kason a cikin labarin, kuma ba mai daɗin faɗa ba ne. Zan faɗe shi haka nan.

Baba ɗan gidan magina ne a Damagaram, ubansa magini, kakansa magini. Yana saurayi ya kama hanyar hajji a ƙasa, ta Chadi da Sudan, yana yi wa mutane ɗaki suna ba shi abinci. A hanyar dawowa ya ce bari ya leƙa Alƙahira ya yi mako guda. Makon nan ne ya kai shi shekara arba'in. In an tambaye shi dalili sai ya ce ya shiga wani masallaci ne ya ɗaga kai ya ga tulluwar dutse tsaye babu azara ko ɗaya, ya rantse ba zai bar garin ba sai ya gane abin da ke riƙe da ita.

Ɗaga kan nan kuwa bai daina shi ba har ya koma ga Allah. Bai taɓa shiga ɗaki ya zauna ba sai ya duba rufi. Ya zo maka barka, rufi zai fara gaisarwa. Ya ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa, ya kara kunne, sannan ya juyo ya ce, "To, yaya mai jego?" Inna ta kan ce ranar da ya je neman aurenta, rufin zauren mahaifinta ya ƙura wa ido har aka gama magana, ita kuwa tana bayan labule ta sha kwalliya a banza.

Larabcinsa sai shi. Shekara arba'in amma namiji da mace duk ɗaya ne a bakinsa, kuma ko a jikinsa. In ya ce "yalla" leburori sun gane a kama aiki ne, in ya ce "khalas" sun ajiye, abin da ya rage yatsa ne ke faɗa. Kowace Juma'a bayan masallaci gidansa cike yake da ɗalibai, Inna ta tuƙa tuwon masara, a yi miyar mulukiya. Misirawa suna ji da mulukiyar nan kamar me, shi kuwa sai ya ce, "Lalo ce fa, ta zo birni ne aka naɗa mata rawani."

Ta dalilin rufi na san shi. Ɗakin da muke haya a Darrasa mu huɗu, silin ɗinsa ya fara zubo mana ƙasa a kan littattafai, mai gida kuma kullum "bukra, bukra", goben da ba ta zuwa. Wani ya gaya wa Baba. Ya zo da kansa, ya yi kwana biyu yana aiki, da muka fara kame-kamen godiya ya ce, "Ku bar shi. In abin nan ya faɗo wa ɗayanku, wa zai rubuta wa uwarsa takarda? Ni ban iya rubutu ba." Bayan shekara biyu Kawu ya shige min gaba, aka ba ni 'yarsa. Daga ranar kunya ta shiga tsakaninmu yadda aka saba a gida. In durƙusa in gaishe shi, ya ce, "Malam, an wuni lafiya?" shi ke nan. Ba ma cin abinci kwano ɗaya, ba ma haɗa ido. Duk wata magana mai nauyi sai ta bi ta bakin Kawu ko ta bakin maiɗakina.

A ƙarshen shekarun saba'in aka kira shi aikin cocin. Wata tsohuwar majami'ar Ƙibɗawa ce, wato Kiristocin Masar, a Tsohuwar Alƙahira, ta tsufa har titi ya fi ta tudu, sai ka sauka matakala kafin ka shiga. A ciki, sama da ginshiƙai, akwai bene mai tsawo ta dama da ta hagu, an kare gabansa da ragar katako. Nan ne wurin mata tun kaka da kakanni. Katakan da ke riƙe da shi sun ruɓe, aka kulle ƙofar hawa shekaru, matan suka koma cunkusuwa a baya kusa da ƙofa, inda ba sa gani ba sa ji.

Ranar wata Juma'a ya yi wa ɗalibai bayanin wurin. Da jama'ar ɗakin yake magana, amma na san har da ni. Ya ce Abuna yana kiran benen matan shurfa. Injiniyan da ke duba aikin, wanda ya yi karatu a Faransa, yana ce masa tiribun. A bayansa kuma akwai wata siririyar hanya a cikin kaurin bango, sai mutum ya karkace zai wuce, ta nan ake bi a buɗe tagogin sama a kunna fitilu. Leburori suna ce mata mamarri, injiniya yana da wani dogon suna da Baba ya ce ya gwada sau uku harshensa ya ƙi. Shi kuwa nasa sunayen ya sa musu: soron mata, lungun sama, ragar gaba kuma rawani.

Ya ce, "Ni suna bai dame ni ba, nauyi ne ya dame ni. Mamarri mutum ɗaya yake ɗauka da fitilarsa. Shurfa mace ɗari za ta ɗauka, wata da goyo, wata da jiki masha Allah, kuma in waƙa ta yi daɗi ba sa tsayuwa wuri ɗaya."

Kowa ya yi dariya ban da ni. Lokacin ina shekarar ƙarshe a jami'a, kaina ya cika da karatu har yana zuba, ina jin duk Alƙahira babu wanda ya kai ni tsoron Allah. Na tashi ban gama tuwona ba. Washegari na sami Kawu a shagonsa na Abbasiya na ce ya gaya wa Baba aikin nan bai kamace shi ba, alhaji guda da furfura yana gyara wa Kirista wurin ibada, mutane suna magana. Mutanen da ke maganar kuwa, in za a bi gaskiya, ni ne da abokaina biyu.

Kawu ya kai, ya dawo min da amsa. "Ya ce a gaya wa Malam, shi bai san littafi ba, Malam ne ya sani. Abin da ya sani, mace in ta faɗo daga sama ƙashinta karyewa yake yi, ko wace irin salla take yi."

Kai, na ji zafin maganar nan! Na daina zuwa tuwon Juma'a. Wata huɗu ban taka gidan ba sai in maiɗakina ta matsa, nan ma in gaisar daga bakin ƙofa in juya.

A cikin watannin nan ne Baba ya yi kuskuren da bai taɓa yin irinsa ba. Katako mai kauri irin na da ya yi wuyar samu. Injiniya ya ce a sa ƙarfe. Baba ya ce a'a, ginin da ya ga ƙarni da ƙarni ba a cusa masa ƙarfe, zai yi masa irin na gida. A Damagaram da azara ake rufi, wato gangar giginya da aka tsaga. Giginya kuwa ƙarfe ce da kanta, gara ba ta cinta, danshi ba ya kama ta, a jera ta hawa-hawa a ɗora soro a kai, jikoki su gada. A Masar babu giginya, amma ga dabino ko'ina. Baba ya dubi dabino, tsayi ɗaya, jiki ɗaya, ya ce ai ɗan'uwan giginya ne. Ya sa aka tsago masa, ya jera yadda ubansa ya koya masa.

Babban Sa'idin nan ya yi masa magana. Ya ce, "Ya Mu'allim, mu ma a ƙauye da shi muke rufi, amma kara da tattabaru ne kawai ke hawa kai. Cikinsa soso ne." Baba ya ɗaga masa hannu ya ce tun kafin a haife shi yake tsaga azara. Mutumin ya ci gaba da ɗauko kaya. Aiki ya ƙare, aka shafe, aka mayar da ragar katako. Kowa ya ce tamam, aiki ya yi. Injiniya da kansa ya hau ya yi tsalle ya sauko ya ba Baba hannu.

To amma Baba yana da wata al'ada ta gidansu. In ya gama rufi, sai ya ɗaure igiya a tsakiyarsa ta ƙasa, ya rataya ɗan dutse, ya bar tazarar yatsa biyu tsakanin dutsen da daɓe. Ya bar ta nan kwana arba'in. Masu shara sun ɗauka wani camfi ne na mutanen Tukururu, kamar yadda suke kiran mu 'yan ƙasar Hausa, suna kewaye ta da tsintsiya. Bayan mako biyu ya koma, yatsa ɗaya ne ya shiga. Bayan kwana uku ya sake komawa, dutsen yana zaune a ƙasa, igiyar ta saki. Kuma ko mutum ɗaya bai hau shurfar ba tukuna. Ƙibɗawa suna cikin dogon azuminsu, saura mako biyar babban idinsu, ranar da aka sa za a buɗe wa mata ƙofa.

Kwana biyu bai ci abinci ba. Maiɗakina ta ɗauka ciwo ne, ta ja ni muka tafi Ainu Shams da rana tsaka. Na zauna a bakin ƙofar falo, Kawu yana ciki, ina jin komai.

Kawu ya ce, "Haba Yaya, yatsa biyu ne fa. Gini ai yakan zauna. Ka rage igiyar, khalas, wa ya sani?"

Baba ya ce, "Giginya in za ta zauna, zama ɗaya take yi ta tsaya. Wannan tafiya yake yi."

"To ka san abin da zai biyo baya? Kai baƙo ne a garin nan. Magina nawa ke jin haushin an tsallake su an ba ka? Ranar da ka buɗe baki ka ce aikinka bai yi ba, ko kejin kaji ba mai sake ba ka. Shekara talatin kana gina sunan nan."

Gaskiya Kawu ya faɗa, kowa a ɗakin ya sani. Ni kuma, Allah na tuba, sai na ga dama ta samu. Na ce, "Kawu, a gaya wa Baba wannan ishara ce. Allah ne ya nuna masa ya cire hannunsa. Ya bar musu kayansu." Har yau in na tuna yadda na ji daɗin faɗar maganar nan sai kunya ta rufe ni.

Baba ya dubi Kawu. Sannan ya ce, "Gaya wa Malam na ji. Amma ko fita zan yi, sai na sauke abin da na ɗora a kan mutane." Ya juya ya ce wa Inna ta kawo masa abinci, ya cinye tas, ya sa takalmi ya fita.

Abin da ya faru a cocin daga bakin Sa'idin na ji, daga baya Abuna ma ya ba ni. Baba ya tara su duka, Abuna da injiniya da leburori, ya kai su wajen igiyar, ya nuna dutsen. Ya ce da Larabcinsa na kullum, "Aikina bai yi ba. In mata suka hau zai faɗo. Laifina ne, ba na kowa ba." Sannan ya juya wajen Sa'idin a gaban kowa ya ce, "Ka faɗa min na ƙi ji. Ka yafe min." Mutumin ya rasa inda zai sa kansa, ya kama kan Baba ya sumbata. Injiniya ya ce shi bai ga komai ba, ga shi lafiya lau. Baba ya karɓi guduma, ya hau, ya fasa shafen tsakiya, ya cusa hannu cikin azarar dabinon ya damƙo ta. Ta taho masa a tafin hannu, jiƙe, kamar dusar da aka kwaɓa wa akuya.

Abuna ya tambaye shi, "Yanzu me za ka yi?"

Ya ce, "In ka kore ni, ka yi daidai. In ka bar ni, zan rushe in sake kafin idi."

Abuna ya ce, "Rushe."

Aikin wata huɗu ya sauke shi cikin kwana biyar. Ya je wajen injiniyan nan da ya ƙi wa magana a da, ya ce kawo ƙarfenka. Shi kuma ya tayar da bakan gizo na jan bulo daga kowane ginshiƙi zuwa bango, irin lanƙwasar da ya zauna Alƙahira don ya koya, ƙarfen ya kwanta a kansu a ɓoye. Sa'idin ya aika ƙauye aka turo masa 'yan'uwansa shida. Kawu, wanda ya ce a rage igiya, shi ne ya fara rufe shago da azahar ya je ya naɗe babbar riga yana miƙa bulo, ya kuma jawo 'yan kasuwar Nijar huɗu. Da yake masu wurin azumi suke, ba nama ba madara, wake da ta'amiya, ƙosan Misirawa, aka yi ta ci har Kawu ya ce in ya sake ganin wake zai kai ƙara. Maiɗakina tana kai musu kunu. Ni kaɗai ne ban je ba. Ina Darrasa na buɗe littafi, amma wallahi ban san abin da nake karantawa ba.

Saura kwana takwas idi aka gama. Sai ga wata sabuwa: matan suka ƙi hawa. Labari ya riga ya zaga unguwa cewa na farko saura kaɗan ya kashe su, kuma hannun da ya yi na farko shi ya yi na biyu. Ranar Lahadi Abuna ya buɗe ƙofar matakala da kansa, ya yi magana, ya yi lallashi. Ko mace ɗaya ba ta motsa ba. Magina 'yan gari kuwa har sun fara zuwa suna leƙe suna murmushi. In idi ya wuce shurfar nan babu kowa a kai, Baba ya gama gini a Alƙahira, gaskiyar da ya faɗa ita ce za ta binne shi.

Ya ce wa Abuna, "A garinmu in magini ya gama soro, iyalinsa ne ke fara hawa, shi kuma ya tsaya a ƙasa."

Inna ko gardama ba ta yi ba. Ta ce shekara talatin tana kwana ƙarƙashin rufinsa, hawa kai ne zai gagare ta? Amma 'yarsa matar aure ce, sai da izinin miji. Kawu ya zo Darrasa da safe ya same ni. Ya ce, "Yaya ya ce a roƙi Malam. In Malam ya hana, ba komai, ba zai riƙe shi a zuci ba."

A lokacin maiɗakina tana da cikin wata bakwai, cikinmu na fari. Na buɗe baki zan kawo hujja daga littafi, sai na ji babu ita. Tsoro ne kawai, tsoro tsagwaronsa. Na shiga ɗaki na same ta har ta ɗauko mayafi ta ajiye a gefen gado.

Na ce, "Ke kin yarda da ginin nan?"

Ta ce, "Ni ban san gini ba, Malam. Na yarda da mutumin da ya rushe na farko."

Na ce ta shirya, ni zan kai ta. A raina na ce iyakata bakin ƙofa.

Da hantsi muka isa, sun gama addu'arsu, mata cike a baya kamar kullum, maza a gaba suna waiwaye. Baba ya fito cikin wankakkiyar riga da sabuwar farar hula. Bai kalli kowa ba. Ya taka har ƙarƙashin bakan da ya fi kowanne faɗi, ya tsaya, ya harɗe hannu a baya. Inna ta kama matakala tana mita da gwiwarta, 'yarta a bayanta tana riƙe da bango. Takunsu kawai ake ji. Can sai ga inuwarsu a bayan ragar katako. Inna ta tura 'yar tagar ragar, ta leƙo, ta buga ƙafa sau uku da ƙarfi.

Ta ce, "Yalla ya sittat! Mata, ku hau mana, ko sai na sauko na goya ku?"

Wata tsohuwa ce ta fara motsi, ta tsufa har ta rankwafa. Ta ce uwarta a can sama ta yi ibada, ita ma in mutuwa ce a can take so ta same ta. Mata biyu suka riƙe ta. Sai uku suka bi, sai goma, sai kawai aka ɓalle, har ana ture juna a bakin matakala. Takun ƙafa ya cika sama kamar ana daka a gida goma.

Ni ina bakin ƙofa. Matata da abin da ke cikinta suna sama, ubanta yana ƙasa shi kaɗai, ni kuma na tsaya inda ko bulo ɗaya ba zai same ni ba. Ban taɓa jin na raina kaina irin na lokacin ba. Ban san sanda na tuɓe takalmi ba. Na ratsa mutane na je na tsaya kusa da shi, kafaɗa da kafaɗa, abin da ban taɓa yi ba tun da na auri 'yarsa. Bai juyo ba. Ya dai ɗan matsa ya ba ni wuri.

Ya ɗaga murya ya ce wa Sa'idin, "Gaya musu su buga ƙafa. Duka, lokaci ɗaya."

Suka buga. Na ji shi har cikin haƙorana. Suka sake, suka sake, sai wata ta saki guɗar Misirawa, sauran suka amsa, Inna ta ɗora tata ta Damagaram a kai, doguwa, har ta rufe tasu. Maza suna tafi, Abuna yana share hawaye da hannun riga, Kawu yana ta kabbara a tsakiyar coci ba wanda ya hana shi. Magina masu leƙe na neme su na rasa.

Baba bai motsa ba sai da aka lafa. Sannan ya sa hannu biyu ya cire hularsa a hankali, ya miƙo min. Karo na farko ke nan da ya dube ni ido cikin ido.

Ya ce, "Malam, idona ya yi rauni. Duba min, akwai ƙasa a kai?"

Na juya ta, na sake juyawa. Fara fat, ko ƙwayar rairayi babu. Na ce, "Babu, Baba. Ko ɗaya babu."

Ya ce, "Alhamdu lillahi." Ya karɓa ya mayar kansa. "To je ka sauko da iyalinka a hankali. Juma'a kuma akwai tuwo."

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka. Ka san bai bar nauyi a kan kowa ba, ka sauke masa nasa. Ka yalwata masa kabarinsa, ka ba shi bene a Aljanna wanda ba ya bukatar gyara.